Daga Abuja zuwa Suleja: Nazari a kan Tarihi, Tattalin Arziki da Wuraren Tarihi na Garin da ya Ba da Sunansa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Suleja ta Jihar Neja da sauyin da kusanci da Babban Birnin Tarayya ya kawo mata. Hujjarta ita ce garin ya ɗauki nauyin babban birni fiye da ribar da ya samu daga gare shi.

Asali

Lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, cikin ƙasar Gwari da Koro. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abubakar Ja ya kafa sabon gari a 1828, aka kira shi Abuja. Masarautar ta riƙe sarautun Haɓe na Zazzau, ba ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba, har zuwan Turawa a 1902.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas. Masarautar ta ba da wani yanki na ƙasarta, ta kuma bar wa sabon birnin sunanta. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Tattalin Arziki

A da, noman doya da dawa, saƙa da ginin tukwane ne ke riƙe da garin. Bayan gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, tsadar haya ta tura ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa Suleja da Madalla. Tun asuba motocin haya masu zuwa Abuja ke cika a bakin titin Kaduna, su dawo da mutanen bayan magariba. Gonaki sun zama filayen gini, masu gidajen haya da dillalan filaye sun samu kasuwa. Amma ƙarfin waɗannan mutane a Abuja yake ƙarewa, alhali buƙatunsu na ruwa, makaranta da asibiti suna kan wuyan Jihar Neja.

Wuraren Tarihi

Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, yana tsaye kusa da Madalla. Haka nan a Suleja ne maginin tukwane Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Maginiyar tukwane Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, inda ta haɗa zanen ƙadangare da kifi na tukwanen Gwari da gashin zamani mai sheƙi. Hotonta ne a bayan naira 20.

Kammalawa

Garin da gadonsa ke jikin takardun kuɗi biyu bai cancanci zama makwancin ma'aikata kawai ba. Maƙalar na ba da shawarar Gwamnatin Tarayya da Jihar Neja su yi tsarin haɗin gwiwa kan sufuri, ruwan sha da raya sana'ar tukwane, tare da sa masarauta cikin shawara.