Daga Kadarko Zuwa Gada

Kalmar "gada" baƙuwa ce a Hausa. Masana sun nuna cewa daga Turanci aka aro ta, daga sunan manyan ƙarafan da ake ɗora ginin a kansu. Kafin zuwanta Bahaushe yana da tasa, wato "kadarko": gungumen itace ko azarar giginya da akan gitta bisa rafi, a jera ƙirare, a bi da ƙasa.

Mu ɗauki Jibiya misali. Gulbin da ya ratsa ta shi ne ke gangarawa Maraɗi, kuma mutane na ƙetare shi tun kafin Ingila da Faransa su shata iyaka a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Da rani yashi ne zalla, fatake da jakunansu su taka su wuce. Da damina kuwa, in ya kawo, ya fi ƙarfin kadarko, sai dai fito a kan gora. Kadarko na ƙananan rafuka ne, shi ma gara da ruwan sama ba sa barinsa ya tsufa. In ya ruɓe, a yi gayya a sake wani.

A wasu ƙasashen dabarar da aka yi wa wannan matsala ita ce rufi, don kada ruwa ya taɓa katakon. A birnin Lusan na Suwizalan akwai gadar katako mai rufi tun ƙarni na 14. Da gobara ta ci mafi yawanta a 1993, kafin shekara ta zagayo an mayar da ita. A nan Arewa kuwa, wadda aka adana ita ce 'yar gadar ƙafa ta Lugga, da aka gina a Zungeru a 1904, aka ɗauke ta zuwa Kaduna, aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Ta gwamna ta tsira da sunanta, kadarkon talaka ya bi ruwa.

To, 'yan'uwa ɗalibai, itacen ya riga ya tafi, amma labarin yana bakin tsofaffi, su ma kullum raguwa suke yi. Wa ke kiran gayyar? Nawa ne kuɗin fito? Mu tambaye su, mu rubuta. Da tsohuwar zuma ake magani.