Azumin Kirista na kwana 40: me ake bari, kuma don me?

1/ Duk shekara in azumin Kiristoci ya zo sai na ga ana ta tsokana a nan: "Wane irin azumi ne ana shan ruwa?" Ku tsaya in ɗan ba ku tarihinsa, sai mu ɓullo ta gonakin Kadawa.

2/ Tushensa kwana 40 da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji ba ci. Tun a taron Nikiya na shekarar 325 an ambaci wannan lokaci. Daga Larabar Toka zuwa Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi 6 da ba a azumi, saura 40.

3/ Da can abin da zafi yake: ci sau ɗaya a yini, ba nama, wasu wuraren har ƙwai da madara a bari. A 1966 Fafaroma Paul na 6 ya sassauta wa Katolika. Azumin dole ya koma kwana 2, Larabar Toka da Juma'ar tunawa da gicciye, sai barin nama ran Juma'a.

4/ Sauran an bar wa mutum da zuciyarsa. Wani ya bar suga, wani giya, wani gulma, yaran yanzu har TikTok. Amma da sharaɗi fa: abin da ka hana kanka, addu'a da sadaka za su maye gurbinsa.

5/ To mu zo gida. Tun da aka gina dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, ruwa ke bin kanal zuwa Kura da Bunkure, ana noman rani. Manomin alkama ya san sirri ɗaya: in girbi ya matso, sai a ɗauke mata ruwa ƙwayar ta bushe ta yi ƙwari. Ba don ruwa mugun abu ba ne.

6/ Ni a nawa ganin, ma'anar kenan. Abu mai kyau kake ajiyewa da gangan, don ka gane ko kai ke riƙe da shi ko shi ke riƙe da kai.

7/ Kuma ba sai ka je Roma ba. A ƙauyukan kudancin Kano akwai Hausawa Kiristoci, da yawansu jikokin Maguzawa. A 2025 Ramadan ya kama 1 ga Maris, nasu azumin 5 ga Maris. Zafi ɗaya, kasuwa ɗaya, tsadar abinci ɗaya.

8/ Kafin ka yi wa maƙwabci dariya, tambaye shi me ya bari bana, kuma wa ya ci kuɗin abin.