Dajin Amurum: itatuwan da ke cikinsa da amfaninsu ga manomi

Idan ka bar Jos ka nufi gabas kamar kilomita 15, kusa da ƙauyen Laminga, za ka tarar da Dajin Amurum. Ba shi da wani girma, kusan hekta 300 ne, amma an killace shi, an hana sara da farauta. A cikinsa ne cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos da mutanen Laminga. An ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 300 a wurin.

Dajin kashi uku ne: duwatsu, da fili mai ciyawa da gajerun itatuwa, sai kurmin da ya bi bakin rafi. Itatuwan ba baƙi ba ne a wurinka. Akwai ɗorawa, da maje, da ɗinya, da kalgo, da namijin kaɗe, da ɓaure iri-iri. Ɗorawa dai ka san ta: garinta abinci, kalwarta daddawa. Kalgo kuwa, da mutane ke raina shi, 'ya'yansa ne ke riƙe dabbobi a tsakiyar rani.

Wanda ya fi dacewa ka lura da shi shi ne kurmin bakin rafi. Saiwoyin itatuwan suna riƙe gaɓar, inuwarsu na rage ƙafewar ruwa. Inda aka share itatuwa har bakin ruwa don a ƙara kunya biyu ko uku, damina kaɗan ne zaizaya za ta cinye fiye da abin da aka ƙara. Ɓaure ma kada ka yi saurin sare shi. Tsuntsaye da jemagu na cin 'ya'yansa, su yaɗa irin itatuwa zuwa wasu wurare, ba da kuɗin kowa ba.

Akwai kuma annoba: lantana, wata baƙuwar shuka mai ƙananan furanni kala-kala, asalinta daga nahiyar Amurka. Tana cunkushe wuri ta danne tsiron gida, ganyenta kuma guba ne ga shanu. In ka gan ta a gefen gona, tumɓuke ta da saiwa tun tana ƙarama, don in sara kawai ka yi, tohowa za ta sake yi.

Ga ƙungiyar da ke son ware ɗan daji nata, ku fara da share hanyar tare gobara a kewaye da zarar damina ta ɗauke, kafin ciyawa ta bushe.