Jihohi Goma Sha Biyu da Faɗuwar Biyafara

An saba ƙidaya yaƙin basasar Nijeriya daga ran 6 ga Yuli 1967, amma babban sara an yi shi tun ran 27 ga Mayu, sa'ad da Gowon ya raba ƙasar jihohi 12. Gabas ta kasu uku. Watau ƙananan kabilu irin su Ijo da Ibibiyo, masu bakin teku da galibin rijiyoyin mai, suka sami jihohinsu. Saboda haka Biyafarar da Ojukwu ya yi shelarta bayan kwana uku, da ɓarakarta aka haife ta. Fatakwal ta faɗi cikin Mayun 1968, hanyar teku ta toshe, yunwa ta yi ta lashe ƙananan yara. Ran 15 ga Janairu 1970 Effiong ya miƙa wuya a Ikko.