Rigimar kwamfuta ɗaya a gida, da yadda ta haifi kalmar sirri

1/ Duk gidan da ke da kwamfuta ɗaya tal kun san rigimar. Yaya na rubuta aikinsa na kammala digiri, ƙanwa na son kallon fim, Baba na jira a buga masa takarda. To wannan rigimar ta girmi iyayenmu ma, kuma ita ta haifi kalmar sirrin da kuke sakawa kullum. Ku biyo ni.

2/ A shekarun 1950 kwamfuta ɗaki guda take cinyewa. Ba ka zama a gabanta. Za ka huda aikinka a jikin katuttuka, ka miƙa wa ma'aikaci, ka yi tafiyarka. Sai bayan awanni, wani lokacin ma washegari, ka dawo karɓar sakamako. Ka manta waƙafi ɗaya? Koma bayan layi.

3/ A jami'ar MIT da ke Amurka, Fernando Corbató da tawagarsa suka haɗa wani tsari mai suna CTSS, suka fara nuna shi a Nuwamban 1961 a kan na'urar IBM 709. Dabarar ita ce: na'urar ta ba wannan ɗan ƙanƙanin lokaci, ta tsallaka kan wancan, ta zagayo. Saboda saurinta, kowa ji yake shi kaɗai ke amfani da ita. Daga baya har mutum kusan 30 ke aiki a kanta lokaci guda, kowa da abin bugawarsa mai kama da tafireta.

4/ Sai dai fayilolin kowa a ma'aji ɗaya suke. Ya za a hana wani leƙa na wani? Aka ba kowa suna da kalmar sirri. Aka kuma rabe wa kowa lokacinsa.

5/ Nan fa labarin ya yi daɗi. A 1962 wani ɗalibi mai neman digiri na uku, Allan Scherr, awa 4 kacal aka ba shi a mako, kuma ba ta isarsa. Sai ya tura buƙatar a buga masa wani fayil a takarda. Wane fayil? Wanda ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa da kowa. Aka buga masa kuwa, don a fili suke a rubuce. Ya dinga shiga da sunayen mutane yana cin lokacinsu. Ni dai ban ga bambancinsa da ƙanin da ke leƙen yatsun yayansa ba wallahi.

6/ Unix da aka fara a Bell Labs a 1969 ya ƙara ɗaure abin: kowane fayil da mai shi, da wanda aka yarje wa ya karanta ko ya canza.

7/ Abin da ke ba ni mamaki, da kwamfuta ta shigo gidaje sai aka yi watsi da duk wannan. An ƙera ta a kan ta mutum ɗaya ce, alhali gida guda ke rububinta. A Windows 95 da 98, in ta tambaye ka kalmar sirri sai ka danna Cancel kawai, ka shige abinka.

8/ Sai Oktoban 2001 Windows XP ta kawo wa gidaje asusu na gaske, kowa da nasa fayilolin, har ka iya miƙa wa ƙanwarka ta shiga nata ba tare da ka rufe aikinka ba. Shekara 40 cif bayan CTSS.

9/ Amma har yau a yawancin gidajen da na sani asusu ɗaya ne, kalmar sirrinsa har yaran maƙwabta sun haddace. Hotunan Anti, takardun ofis ɗin Baba, babi na uku na aikin Yaya, duk a wuri ɗaya, ga yaro ɗan shekara 9 yana neman wajen da zai saka wasa. Me zai fara gogewa?

10/ Shi kuwa Corbató, a tsufansa ya faɗa da bakinsa cewa kalmomin sirri sun zame wa mutane jangwam. Nasa ma a takarda yake rubuta su. Ya rasu a 2019.