Yadda Jujin Ƙasar Kurfai Ya Cika Da Batir Da Matattun Rediyo

Daga ranar 18 ga Fabrairu 2027, dokar Tarayyar Turai za ta tilasta wa masu ƙera yawancin ƙananan na'urori su yi su ta yadda mai kaya zai iya cire batir ya sa sabo da hannunsa. Kamfanoni na kukan tsada, masu kare muhalli na cewa an ma makara. Gardamar ta Turawa ce, amma duk wanda ya taɓa ratsa jujin bayan kasuwar Filinge ya san abin ya fi shafarmu.

A da can labari a ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, bakin sankira da maroƙa da fatake yake bi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, sai dai akwatin wancan zamani na kwamanda ne da manyan ma'aikata. Ƙaramar rediyo mai tiransisto ce ta sauya lamarin. Ta fito kasuwa a Amurka a 1954, Sony na Japan ya bi sahu a 1955. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, a ɗauki ra'ayinsu a na'ura a kai Yamai. Philips ya fitar da kaset a 1963. Samarin Kurfayawa masu zuwa cin rani Kumasi da Ankara suka riƙa dawowa da rediyo rataye a kafaɗa, an ɗinka mata riga kamar amarya. Lokacin da Seyni Kountché, ɗan Fandu, ya karɓi mulki a Afrilun 1974, mutanen yankinsa da dama ta cikin irin waɗannan akwatuna suka ji labarin.

Gasar Philips da National da Sharp a wancan zamani ta ƙarko ce. Bayan rediyo da kusoshi yake, mai gyara ya kwance, ya ɗora ƙarfensa a garwashi, ya narka dalma ya liƙe wayar da ta tsinke. Rediyo ɗaya takan shekara goma a gida, har a sa ta cikin rabon gado.

Masana da yawa, idan aka tambaye su daga ina sharar lantarki ta zo mana, sai su ce gwanjon Turai ne. Suna da hujja. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na Najeriya. A 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Basel, ƙasashen Afirka suka ga ba ta wadatar ba, suka yi tasu a Bamako a 1991 wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar. Wannan bayani ya dace da Legas da Ankara, masu tashar jiragen ruwa. Ni ban yarda ya dace da Filinge ba. Je ka tona juji a Tukunus ko Bonkuku, abin da za ka samu sabo fil ya zo, a kwalinsa, an biya masa kuɗin duwan.

A ganina daga Janairun 1994 aka faro, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Kayan Japan da na Turai suka fi ƙarfin talaka dare ɗaya. Kayan Sin suka cike gurbin, ta Kwatano da Lome, ta kasuwar Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano. Gasa ta tashi daga ƙarko ta koma araha. Batirin Tiger Head na Guangzhou ya mamaye tebura. Aka bar kaset aka koma memori, yanzu kuma ƙaramar lasifikar da matasa ke kira MP ce ke tashe a wurin mai shayi da majalisa. An manne ta da gam, batirin na ciki a rufe, in ya kumbura shi ke nan. Kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabuwa, don haka mai gyaran rediyo ya koma cajin waya. Ba na ganin laifin mai saye. Manomin da ke da jika biyu ko uku a aljihu, abin da kuɗinsa suka kai zai ɗauka.

Dokoki kuwa sun yi ta fitowa, sai dai a wani wuri. Tun Yulin 2006 Turai ta taƙaita dalma da zaiba da kadmiyam a kayan lantarkin da ake sayarwa a kasuwarta, dokar kuma ba ta bin kayan da aka ƙera don wata kasuwa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta ɗaure batir mai zaiba. Nijar tana da babbar dokar muhalli tun Disamban 1998. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke bin batir bayan ya mutu a ƙauye.

Abin da ke tayar mini da hankali ruwa ne. Filinge a bakin Dallol Bosso take, inda a wurare da yawa ruwan ƙasa ba shi da nisa, rijiyoyin lambu gajeru ne. Batirin da aka yar a juji yakan tsatsa ya fashe, damina ta wanke shi zuwa fadama, ko a kwashe jujin a kai gona a matsayin taki. Yara na fasa shi su ciro baƙin garin ciki, a kwaɓa a shafe allon aji da shi, da hannu tsirara. Ga awaki na kiwo a wurin.

Ba sai mun jira 2027 ba. Mai shigo da kwantena ya san adadin abin da ya shigo da shi, duwan ma ta sani. A ɗora ɗan kuɗi kaɗan kan kowane kwali, hukumar gari ta ajiye ganga a kasuwar Filinge da ta Baleyara, a riƙa biyan duk wanda ya kawo mataccen batir ko da dala biyar ce, motar da ta kawo kaya daga Yamai ta koma da gangar.