Layin Dogon Da Ya Raya Kasuwar Gusau

’Yan uwa mazauna birane, da yawa daga cikinmu mun taso muna ganin tashar jirgin ƙasa ta Gusau ba tare da mun san rawar da ta taka ba. Turawan mulkin mallaka ne suka shimfiɗa wannan reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau a shekarar 1927, sannan ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Babban abin da suka hanga shi ne auduga da gyaɗar ƙasar Zamfara, waɗanda ake lodawa a taragu zuwa bakin teku a Ikko.

Da yake layin bai bi ta Bunguɗu ba, manoman can sai su ɗora amfanin gonarsu a kan jakuna da raƙuma zuwa Gusau, inda aka kafa injin gurzar auduga da kantunan kamfanonin Turai. Ma’aikatan reluwe da ’yan kasuwa daga kudu suka zauna a Sabon Gari, garin ya bunƙasa har ya zama babban birnin jiha a 1996.

Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da yawaitar manyan motoci suka rage wa jirgin lodi. Dattawan da suka yi dako a tashar nan suna ta ƙarewa. Wajibi ne mu rubuta abin da suka gani tun suna raye. Allah Ya ba mu iko, amin.